Shekarar Inji Biyu

Ke Hajara da kai Sadiƙu, wannan babin naku ne. Na gaji da maganar da kuke yi ƙasa-ƙasa duk ranar da aka taru suna ko biki, wai babanku ya fi son Mairo, wai shi ya sa Yayanku ya kwashe ƙarafansa ya koma unguwar Gungin, wai kuma ya riƙe uban nasa a zuci har aka kai shi makwanci. Lokacin da abin ya faru ke Hajara ko lakwal, makarantar boko, ba a sa ki ba, kai kuwa Sadiƙu ba ka iya ɗaura wa kanka wando ba, amma yau ku kuka fi kowa sanin labari. To ku zauna in ba ku shi yadda ya faru, ni da nake tsaye a bakin murhu ranar, da muciya a hannuna.

Yayanku nake cewa, haka kuma zan ci gaba da cewa. Ɗan fari ne, bakina bai taɓa kiran sunansa ba, alƙalamina ma ba zai kira ba. Na san ku 'yan yanzu dariya abin yake ba ku, kuna ɗaukar ɗan fari kuna cilla shi sama a gaban surukai. Mu ba haka muka tashi ba. Malam, babanku, ya ma fi ni tsanani a wannan kunya. Bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da shi ba, bai taɓa zama da shi hira ba, in yana nemansa sai ya dubi bango ya ce a gaya wa wancan ya zo. In yaron ya zo ya durƙusa, magana ba ta wuce kalma biyar. Duk wanda bai san mu ba zai ce ba ya ƙaunarsa. Ni kuwa na san ranar da yaron ya yi zazzaɓi yana ƙarami, Malam ya wuni a ƙofar gida bai iya shiga ba, bai kuma iya kama aiki ba.

Malam masassaƙin ƙofofi ne. In ka ce masa kafinta sai ya yi kamar bai ji ba. Mahaifinsa ya zo daga Kano da fataucin tufafi ya zauna a Zongon Waga, shi kuma ya ƙi kasuwa ya kama katako. Shagonsa tsohon zauren gidanmu ne, ɗan siriri, in za a shigo da ƙofa sai an karkata ta, a jingina ta da bango, shi ya zauna a ƙasa yana bin ta da kurfi da guduma har furanni da dagi su fito kamar da can suna ciki. Da aka fara gina manyan gidaje a unguwar masu kuɗi ta Waga 2000, aiki ya buɗe masa, motoci masu sanyi suka riƙa tsayawa a lungunmu, masu su suna ɗage riga kada ta taɓa kwata. Daidai lokacin da duniya ta fara yi masa murmushi hannunsa na dama ya fara karkarwa. Ni na fara lura, a kofin koko. Ya riƙa ɓoye hannun cikin riga, ni ma na riƙa yi kamar ban gani ba. Mun je likita, mun sha rubutu, abin sai gaba yake yi. Wata rana kurfi ya kufce masa ya tsaga fure a tsakiyar ƙofar da ya kusa gamawa. Ya shigo gida ya zauna a kan turmi, abin da bai taɓa yi ba, ya ce in rufe masa tuwon ba ya jin yunwa. Na ji tsoro ƙwarai ranar, don na san mutumin nan in aka raba shi da katako ba zai daɗe ba.

Mairo ce ta zo da maganar inji. Ita ce mai bi wa Yayanku, a lokacin tana aiki a wani siber, shagon intanet, a unguwar Dasasgo, tana karɓar baƙi tana kuma kwance duk na'urar buga takarda da ta mutu. Tun tana ƙarama rediyo ba ya kwana lafiya a gidanmu. Ta dawo wata yamma da hotuna da ta buga, ta baje su a gaban babanta.

"Baba, duba nan. Wani nasara ne a garejin gidansa, shi kaɗai ya haɗa. Kai ka ba da zane, ordinater, kwamfuta ke nan, ya riƙe, mashin ya sassaƙa. Donk, ka ga, hannu ba ya taɓa komai."

"Ni kuma in zama me? Mai gadi?"

"Kai za ka faɗi inda zai bi. Mashin bai san fure mai kyau da mummuna ba, Baba."

Ya ture takardun ya ce shirme ne, amma bai ce a kwashe su ba. Yayanku a lokacin yana walda a wata rumfa kusa da tasha, yana kwana a gida, bai yi aure ba. Ya jira sai da uban ya fita masallaci, ya ɗauki hotunan ya duba ɗaya bayan ɗaya. Kafin mako ya zagayo tsakar gidana ta cika da zanen gawayi, nasa a gabas, na Mairo a yamma, ni kuma an hana ni shara.

Bari in gaya muku bambancinsu yadda na fahimta, don ni da ban san komai ba sai tuwo na wayi gari ina alƙalanci. Dukansu biyu ɗan moton lantarki ne mai haƙori a baki, yana juyawa yana cin katako, kwamfuta tana gaya masa inda zai nufa. Inda suka rabu shi ne wa zai yi tafiya. A na Mairo, gadar da ke riƙe da haƙorin a tsaye take ba ta motsi, faranti ne ke kai katako gaba ya dawo da shi a ƙarƙashinta. Da katako za a haɗa shi, da ƙarfen da durowa ke zamewa a kai, da dogon ƙarfe mai zare irin na noti, da ƙananan motocin lantarki da ta ciro daga matattun injinan fotokopi. Ƙarami ne, zai zauna a kusurwar zaure, amma abin da zai iya ɗauka bai wuce faɗin faifai biyu ba. A na Yayanku kuwa katakon ne ke kwance ba ya motsi, gadar ce ke tafiya a kansa daga wannan baki zuwa wancan, a kan bututun ƙarfe, sarƙar ƙaramin babur, mobilet, tana jan ta. Shi da ƙarfe zalla za a yi shi, kuma ƙofa guda cur za ta kwanta a kansa. Kullum bayan la'asar sai sun tsaya a kan zanen suna musu.

"Naki in damina ta sauka katakon zai kumbura, layinki ya karkace."

"Naka kuwa sarƙa tana da wasa, Yaya. In gada ta juya baya sai ta ci ɗan wuri kafin ta kama. Furen zai fito kamar an taka shi."

"Zan ɗame ta."

"Da wane moter? Na fotokopi ba zai ja wannan jibgegen ba."

"Ki nemo mini manya. Kuma naki ƙofar wa zai yi? Ƙofar akurkin kaji?"

Sai ta jefe shi da gawayi, ya kauce. Ban taɓa jin daɗin gidan nan kamar na watannin nan ba. Kuma ku gane wani abu da ba ku sani ba: ko na Yayanku aka zaɓa, ba zai motsa ba sai da wayoyin Mairo da kwamfutarta. Ba gasa suke yi ba, ita kanta ta fi son a yi babban, bakinta ne kawai ba ya yarda a kayar da ita. Malam kuwa yana zaune a bakin zaure da carbi kamar ba ya jin komai. Amma sau da yawa bayan sun fita na kama shi yana taka zanen gabas da ƙafa, yana auna tsawo da faɗi. Wata safiya ina ba shi ruwan alwala ya ce da ni, ba tare da ya dube ni ba, wancan ya san abin da yake yi. A bakin Malam wannan ya fi kirari.

Yanzu sai in kawo muku Baba na Tawa, wanda kuke tunawa da shi saboda alewar da yake ɓoye muku a hula. Tsohon direban kamiyo ne, babbar motar kaya, daga Nijar. Tun zamanin surukina, duk sanda ya taso daga bakin teku zai wuce gida, a ɗakin baƙinmu yake sauka. Kun san ɗakin, wanda ya fi kowanne girma a gidan, mai ƙofa biyu. Surukina ya gina shi tun kafin ya gina nasa, don a Zongo gidan da ba ya saukar da baƙo ba a lissafa shi gida. Ba a tambayar baƙo yaushe zai tafi, ba a kuma bari ya ga alamar ya yi nauyi. Baba na Tawa ya zo mana ne a kan zai yi kwana biyu ya huta, ciwon suga ya kumbura masa ƙafafu, mai motar ya ba wani tuƙi. Kwana biyu ya zama damina, damina ta zama shekara. Matarsa ta rasu tun tuni, ɗan da yake ambata kuwa ba mu taɓa jin ɗuriyarsa ba. Mutum ne mai jin kai da kunya. Jakarsa kullum a ɗaure take a bayan ƙofa, kullum na kai masa koko sai ya ce, ɗiyata, gobe in Allah ya yarda za ni kama hanya. Ni kuma in ce Allah ya kai mu, Baba. Da yamma sai ya jawo kujera bakin ƙofarsa ya shiga musun inji, kuma yana bayan Yayanku ɗari bisa ɗari, don a ganinsa duk abin da ba shi da sarƙa wasan yara ne.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Yayanku ya shigo da amalanken jaki. Ashe a ɓoye ya haɗa gadar a rumfarsa, da bututu biyu na gwaji. Ya shimfiɗa bututun a tsakar gida, ya ɗora gadar, ya sa yatsa ɗaya ya tura. Ƙarfen nan mai nauyin mutum ya zame ya tafi shiru har ƙarshe, kamar an zuba masa man shanu. Mairo ta yi ta tafa hannu. Na dubi Malam na ga fuskarsa ta saki, abin da na daɗe ban gani ba. Yaron kuwa yana tsaye kansa a ƙasa, amma na san ɗana, na ga yadda ƙirjinsa ke hawa da sauka. Sai Baba na Tawa ya buga sandarsa a ƙasa.

"Yaro, wanga aiki ya yi. Allah shi yi ma albarka. Amma ina za a girka shi? Zaure ba shi ɗaukar shi, tsakar gida ruwa na zuwa. Ni gidan ga ban ga wuri ba, in ba..."

Ya juya kai ya dubi ƙofar ɗakin da yake kwana. Na ga lokacin da murmushin ya fara barin fuskarsa. Gaskiya ya faɗa, duk gidan ba inda injin nan zai shiga sai ɗakin. Kama shago a wani wuri kuwa ba ya cikin magana, don Malam ya daina iya riƙe kan mobilet, dalilin injin ma ke nan, ya yi aiki a gida. Kafin tsohon ya ƙarasa, Malam ya miƙe. Ya tako har gaban gadar, ya sunkuya ya shafa inda aka haɗa ƙarfe da ƙarfe, ya yi magana da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Wuri ba matsala ba ne, Baba, wuri akwai shi. Waldar ce ba ta yi ba. Wannan ba za ta daɗe ba za ta saki. A yi na yarinyar."

"Baba, non," in ji Mairo. "Waldar Yaya ba ta taɓa saki ba."

"Na gama magana."

Ya koma zaure. Yayanku ya durƙusa ya ce to, ya tashi ya ɗora gadar da bututun a amalanke shi kaɗai, bai bari kowa ya kama masa ba. Kafin magariba ya kwashe duk wani guntun ƙarfe nasa da ke gidan, ya ɗebo ruwa ya wanke zanen gabas. Cikin 'yan kwanaki ya samu rumfa da ɗaki a Gungin. Tuwon ranar ya ƙone, ba wanda ya yi ƙorafi.

Washegari da Malam ya dawo daga masallaci na kai masa koko, na ƙi tashi. Ni ba mai ɗaga wa miji murya ba ce, amma ba ni da haɗiye magana.

"Malam, ka san abin da ka yi wa yaron nan?"

"Na sani."

"Waldar ce ba ta yi ba?"

"Tunda nake ban ga walda mai kyanta ba."

"To?"

"Kin ga inda tsohon nan ya kalla. Da na bari ya ƙarasa, da yanzu yana tasha da jakarsa. Ina za shi da waɗannan ƙafafun? Mahaifina ne ya sauke shi a ɗakin nan. Ba ni zan tashe shi ba saboda ƙofofin masu kuɗi."

"Sai ka kira yaron gefe ka gaya masa."

Ya ɗago ya dube ni kamar na ce ya tuɓe riga a kasuwa.

"Ke za ki iya?"

Ba zan iya ba. Na ce to a aiki Mairo. Ya ce Mairo fuskarta ba ta ɓoye komai, rana ɗaya za ta kai wa tsohon abinci da idon tausayi ya gane. Ya sa na yi masa alkawari maganar ba za ta fita bakina ba muddin yana raye. Na fito da kofin ina jin haushinsa kamar in fasa shi, ina kuma jin ban taɓa son mutumin nan kamar safiyar ba.

An yi ƙaramin injin. Mairo ta sha wahala a kansa, don abin da za su yi su biyu ya koma kanta ita kaɗai. Ta ƙona wayoyi ba adadi, wata rana hayaƙi ya tashi har maƙwabta suka shigo da bokiti. Ranar da ya fara aiki kuwa kukansa ya kori kajina har gidan gaba. Malam yana zaune kusa da ita yana cewa a ja nan, a zurfafa can, ita tana zanawa a kwamfuta, in an ɗauke kuran, wato wuta, su zauna jira suna kallon juna. Abin da Yayanku ya faɗa ya tabbata, da damina katakon yakan kumbura sai an yi ta gyara. Amma ya yi aiki. Sun yi murafen akwatin amare, da allunan sunan shago, da mazaunin Alƙur'ani, Malam yana bin su da takardar goge katako da hannun hagu. Ya ci abinci, ya koma yi mini tsiya a kan gishiri. Injin nan ya ƙara masa shekaru, ba na musu. Sai dai bai sake yin ƙofa ba. Motocin Waga 2000 suka zo suka koma, suka zo suka koma, har suka daina zuwa. In muka wuce wani gida mai sabuwar ƙofa sai ya kau da kai ya kama wata magana.

Yayanku bai yanke zumunci ba, ku daina cewa haka. Duk Juma'a yana zuwa, ya durƙusa a bakin zaure ya gaida uban, ya shiga ya gaida Baba na Tawa ya daɗe a can, ya ajiye mini cefane ya tafi. Amma ko sau ɗaya bai kalli kusurwar da injin yake ba, bai kuma sake kawo maganar ƙarfe a gidan ba. Babban injin bai taɓa haɗa shi ba, ya koma yin ƙyauren gareji da tagogi. In ya fita sai Malam ya bi bayansa da kallo, ya ce da ni a hankali, har yanzu bai huce ba. Da aka yi aurensa da Asma'u, Malam ya sa aka yi akwatin amarya a ƙaramin injin, ya wuni yana goge shi, sannan ya ce in ce daga gare ni yake.

Baba na Tawa ya rasu a ɗakinsa, a kan shimfiɗarsa, da rana tsaka, Malam yana riƙe da hannunsa. Har ranar da safe ya ce mini gobe zai kama hanya. Bayan an share makoki na ce da Malam, to yanzu fa, ɗaki ya zama fili, sai a gaya wa yaron. Ya ce in ya buɗe baki ya ce saboda tsohon nan na rasa ƙofofina, ya yi wa baƙo gori ke nan, ko yana kwance a kabari. Ya ce kuma hannun nasa yanzu ko zane ba ya iya nunawa, injin me za a yi masa. Kafin wata ya fita wasu fatake daga Maraɗi suka sauka a ɗakin. Shi ma Malam bai daɗe ba bayan haka. A kwanakinsa na ƙarshe Yayanku ne ke ɗaga shi yana kwantar da shi, yana yi masa aski, ba wanda ke cewa uffan a cikinsu. Na yi ta fita ina barin su su kaɗai ko Allah zai sa ɗaya ya yi magana. In na dawo sai in tarar da su yadda na bar su. Kwana kaɗan kafin ya cika ya ce da ni, yaron nan yana yi mini komai, amma ya riƙe ni, kuma yana da gaskiya.

Washegarin ranar da na fita takaba na hau taksi zuwa Gungin. Ban taɓa taka rumfarsa ba. Na same shi durƙushe a kan wani ƙyaure, da baƙin gilashi a fuska, wuta tana tartsatsi. Da ya gan ni ya kashe injin walda ya miƙe a rikice, ya zaci wani abu ya faru. Asma'u ta fito ta shimfiɗa mini tabarma a bakin rumfar. Na zauna na juya masa gefe, na fuskanci matarsa, don ta haka kaɗai zan iya.

"Asma'u, ki gaya wa mijinki waldarsa ba ta da laifi ranar nan. Ki gaya masa babansa ya ce tunda yake bai ga mai kyanta ba."

Na kwashe labarin duka na ba ta, yana tsaye a bayanmu. Da na gama sai na ji ya ja benci ya zauna. Bai bi ta bakin matarsa ba, ni ya yi wa magana kai tsaye.

"Inna, ai na sani."

Na juyo na dube shi, na manta da wata kunya.

"Ni ma ina wurin da Baba na Tawa ya yi tambayar. Na ga inda ya kalla. Da farko na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba, don a gaban mutane aka faɗa. Amma ina ɗora gadar a amalanke na gane. Shi ya sa na kwashe komai ranar, na wanke zanen. Da na bar ƙarafan a tsakar gida tsohon zai yi ta kallonsu yana lissafi."

"To me ya hana ka nuna wa babanka ka gane?"

"Abu ne da ya rufe da hannunsa, Inna. Na ga in na nuna na sani, kamar na buɗe masa ne. Na ɗauka ya san na sani. Shi ya sa ko injin Mairo ba na kallo, kada ya zaci ina tuna masa."

Ya yi ta juya gilashin waldar a hannunsa, sannan ya tambaye ni da wata ƙaramar murya da rabona da jin ta tun yana yaro.

"Ya zaci fushi nake?"

Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so. Amma ba don ƙarya na hau taksi ba.

"Har ya koma ga Allah haka yake zato."

Asma'u ta sa gefen zane ta rufe fuska. Shi bai yi kuka ba. Ya tashi ya wanke hannu da fuska a randa, ya naɗe wayar injin, ya ja ƙofar rumfa ya rufe da rana tsaka, mai ƙyauren yana tsaye yana jira. Ya fito da babur ya tsaya a gabana ya ce in hau. Ban tambaye shi ina za mu ba, na dafa kafaɗarsa na hau.

A bakin maƙabarta ya sauke ni a gindin wata bishiya, tunda mu mata ba ma shiga. Kabarin Malam ba shi da nisa da katanga. Na zauna a kan dutse ina jin ya fara da addu'a, yadda kowa ke yi, ya shafa. Na zaci zai fito, har na gyara mayafi. Sai na ji ya ci gaba, ba da muryar addu'a ba, da muryar hira. Yana magana yana tsayawa, kamar mai jiran amsa, ya sake ɗorawa, wani wuri har na ji kamar ya ɗan yi dariya. Inuwar bishiyar ta bar ni ta koma gefe, aka kira la'asar a masallacin unguwar, yana nan yana yi. Ban ji me ya ce ba, har yau kuma ban tambaye shi ba. Abin da na sani, tunda na haife shi ban taɓa jin ya yi wa ubansa magana mai tsawon wannan ba, don haka na gyara zama a cikin rana na ƙyale su.